Tsadar Ƙasa Da Harajin Gado Na Neman Raba Manoman Inabi Na Burgandi Da Gonakin Kakanninsu

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2017 ne aka ba da sanarwar sayar da wata gonar inabi mai suna Clos de Tart, wadda ke ƙauyen Morey-Saint-Denis a gabashin ƙasar Faransa. Faɗin gonar duka-duka hekta bakwai da rabi ne, wato mai tafiya a ƙasa zai iya zagaye katangarta cikin minti goma sha biyar. Wanda ya saye ta shi ne hamshaƙin attajirin nan François Pinault, ta hannun kamfanin iyalinsa mai suna Artémis, kuma jaridun ƙasar sun ƙiyasta cewa cinikin ya haura Yuro miliyan 200. Idan aka raba wannan adadi, kowace hekta guda ta tashi a kan fiye da Yuro miliyan 25 ke nan.

Tun shekarar 1141 da wasu mata Kiristoci masu zaman zuhudu suka kafa wannan gona, sau uku rak ta sauya hannu. Iyalin Marey-Monge sun saye ta a 1791, iyalin Mommessin suka karɓa a 1932, sai kuma cinikin 2017, bayan da zuriyar Mommessin ta riƙe ta shekara 85. Ga mai karatu Musulmi, hukuncin giyar da ake yi da wannan inabi sananne ne, ba sai an maimaita ba. Abin da ya shafi wannan shafi shi ne lissafin da ke ƙarƙashin cinikin: yaya aka yi gonar da iyali suka raya da guminsu ta yi tsada har ta fi ƙarfin 'ya'yansu su gāje ta?

Yankin da ake magana a kai shi ne Burgandi, wanda Faransawa ke kira Bourgogne. Gonakin inabinsa sun kai kimanin hekta dubu 30, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na gonakin yankin Bordo da ke kudu maso yammacin ƙasar. Zuciyar yankin wani dogon gangaren tsauni ne mai dutsen farar ƙasa da ake kira Côte d'Or, wanda ya miƙe tsawon kilomita 60 ko kusa da haka daga birnin Dijon zuwa kudancin garin Beaune, amma a wurare da dama faɗinsa bai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba. Irin inabi biyu ne suka mamaye shi: Pinot Noir na jar giya, da Chardonnay na fara. Gidajen noma na iyali, waɗanda ake kira domaine, sun fi dubu uku, kuma galibinsu abin da suke nomawa bai kai hekta goma ba. Wannan ɗin ma ba a haɗe yake wuri guda ba. Gida ɗaya kan mallaki 'yan kunyoyi a nan, wasu a ƙauye na gaba, wasu a can bayan coci, har a ƙirga filaye goma sha biyar ko ashirin. Ma'aunin da manoman ke amfani da shi a tsakaninsu ma yana nuna ƙanƙantar abin: suna kiransa ouvrée, wato abin da mutum ɗaya zai iya nomewa a yini, murabba'in mita 428, kuma sai an tara guda 24 kafin a sami hekta.

Doka ta kasa gonakin zuwa matakai huɗu. Fiye da rabin abin da ake samarwa yana ɗauke da sunan yankin ne kurum. Sama da shi akwai mai sunan ƙauye, sannan premier cru wanda ke da kimanin kashi 10 cikin ɗari, sannan a ƙoli grand cru, filaye 33 waɗanda abin da ke fitowa daga cikinsu bai fi kashi ɗaya ko ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. A nan ne Burgandi ta sha bamban da Bordo. A Bordo darajar tana tare da gidan ne, don haka babban gida kamar Lafite, mai gona fiye da hekta ɗari, zai iya sayen filin maƙwabci ya haɗa da nasa. A Burgandi kuwa darajar tana tare da filin, an shata iyakarsa a taswira, kuma babu kuɗin da zai ƙara masa taƙi guda. A shekarar 2015 Hukumar UNESCO ta sanya irin waɗannan filaye masu suna, guda 1,247, cikin jerin kayan tarihi na duniya. Duk wanda ya zauna a ajin farko na ilmin tattalin arziki ya san abin da kan faru idan masu bukatar kaya na ƙaruwa alhali kayan ba zai taɓa ƙaruwa ba.

Yadda aka daddatsa ƙasar

A zamanin da, manyan masu gonakin su ne gidajen zuhudu na Kirista, musamman na Cluny da aka kafa a shekarar 910 da na Cîteaux da aka kafa a 1098, sai kuma sarakuna da fadawansu. Masu zuhudun nan ba su da magada, saboda haka gonakinsu sun zauna a dunƙule ɗaruruwan shekaru, kuma su ne suka lura da cewa fili biyu da hanya kawai ta raba kan ba da giya mai ɗanɗano daban. Juyin juya halin Faransa na 1789 ne ya kawo ƙarshen wannan tsari, yayin da gwamnati ta ƙwace dukiyar coci ta yi gwanjonta. Daga nan sai kundin dokokin Napoleon na 1804 ya zo da ƙa'idar da har yau take aiki: uba ba shi da ikon hana ɗansa gado, kuma 'ya'ya maza da mata rabonsu ɗaya ne. Mai ɗa ɗaya tilas ya bar masa rabin dukiyarsa, mai biyu kashi biyu bisa uku, mai uku ko fiye kashi uku bisa huɗu.

Wanda ya san yadda gandu kan watse bayan rasuwar maigida, kowane ɗa ya ware nasa, ba zai sha wahalar hasashen abin da ya biyo baya ba. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Clos de Vougeot, gona mai kimanin hekta 50 cikin katanga guda, wadda masu zuhudun Cîteaux suka gina. Ta tsira a hannu ɗaya har 1889, shekarar da aka sayar da ita ga mutum shida. A yau masu ita sun kai tamanin ko fiye. Haka kuma a ƙauyen Vosne-Romanée, gonakin wani manomi mai suna Louis Gros, wanda ya rasu a 1951, an raba su tsakanin 'ya'yansa huɗu, kuma daga wannan tushe guda ne gidajen Michel Gros, Anne Gros, A.-F. Gros da Gros Frère et Soeur suka fito. Wannan ne ma dalilin da ya sa mai duba kwalaben Burgandi kan ga sunaye biyu-biyu a haɗe, na miji da na mata, domin amarya kan zo gidan miji da 'yan kunyoyinta na gado.

Sai dai a wancan zamani rabon bai zama matsala ta kuɗi ba, domin ƙasar ba ta da tsada. A ƙarshen shekarun 1870 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara hallaka gonakin yankin, har sai da aka tuge su aka sake dasawa ta hanyar aura reshen inabin Turai a kan saiwar na Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure. Yaƙin Duniya na Farko ya cinye samari, sannan karayar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930 ta durƙusar da kasuwa. Masu hannu da shuni suka riƙa rabuwa da filayensu da arha, manoman da ke yi musu ƙwadago suka riƙa saye kaɗan-kaɗan. Da yawa daga manyan gidajen da ake ji da su a yau a wannan lokaci na ƙunci suka kafu.

A lokacin, manomi ba ya sayar da komai da sunansa. Yakan matse inabinsa ya zuba a gangar katako mai cin lita 228, sannan manyan 'yan kasuwa na Beaune da Nuits-Saint-Georges, waɗanda ake kira négociant, su saya su gauraya su ɗura a kwalba da tambarinsu. Wasu daga cikinsu kan yi algus, su haɗa da giyar kudancin ƙasar mai arha su sa mata sunan ƙauye mai daraja. Wasu manoma ƙalilan, irin su Marquis d'Angerville na Volnay, da Henri Gouges na Nuits-Saint-Georges, da Armand Rousseau na Gevrey-Chambertin, suka tsaya kai da fata wajen yaƙar wannan ɗabi'a, kuma cikin shekarun 1920 da 1930 suka fara ɗura tasu a kwalba suna neman masu saye da kansu. Dokar 1935 da ta kafa tsarin kare sunayen wuraren da amfanin gona ya fito ta ƙarfafa musu gwiwa. Daga wannan lokaci sunan manomi ya zama jari. Ribar da a da take tsayawa a hannun dillali ta fara isowa ƙauye.

Babu wanda labarinsa ya fi bayyana wannan sauyi kamar Henri Jayer na Vosne-Romanée. Shekaru da dama yana noma gonakin iyalin Méo-Camuzet ne bisa tsarin noma-mu-raba. A farkon shekarun 1950 ya fara sayen wani fili mai duwatsu da ake kira Cros Parantoux, wanda bai fi hekta guda da kaɗan ba, kuma a lokacin yaƙi wani irin tubar abinci ake nomawa a cikinsa. Sai da ya sa nakiya ya farfasa dutsen kafin ya sami ramin dashe. Ya rasu a 2006. A shekarar 2018 aka yi gwanjon abin da ya rage a rumbunsa na ƙarƙashin ƙasa a birnin Janeba, kwalba 1,064, aka tashi da kusan Yuro miliyan 30. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, a birnin New York, aka sayar da kwalba guda ta Romanée-Conti ta shekarar 1945 a kan Dala dubu 558. Filin Romanée-Conti ɗin hekta 1.8 ne, kuma abin da yake bayarwa a shekara bai wuce kwalba dubu biyar zuwa shida ba, ga attajiran Amurka da Japan da Hong Kong da Singafo duk suna layi.

Lissafin da ya ƙi fita

Tsuntsun da ya ja ruwa, in ji Bahaushe, shi ruwa kan doka. Sunan da iyalan nan suka gina shi ne ya ɗaga farashin ƙasar da suke tsaye a kai. Alƙaluman hukumar SAFER, wadda ke sa ido kan cinikin filayen noma a Faransa, sun nuna cewa a shekarar 2020 matsakaicin farashin hekta guda ta grand cru a Côte d'Or ya haura Yuro miliyan shida, alhali hekta ta mataki na ƙasa, a wannan jiha ɗaya, ba ta kai Yuro dubu ɗari ba. Wani lokaci tazarar da ke tsakanin filayen biyu ba ta wuce tafiyar minti goma ba.

To, me hekta guda ke bayarwa? Doka ta taƙaita abin da za a iya ɗiba daga grand cru na jar giya zuwa kimanin lita 3,500, wato kwalba 4,600 ko kusa da haka, a shekarar da komai ya tafi daidai. Mafi yawan aikin kuma da hannu ake yi, domin kimanin kuringa dubu goma ake dasawa a kowace hekta, kowacce sai an yi mata aski, an ɗaure, an tsinke. Ya kamata a lura cewa maƙudan kuɗin da ake ji a wuraren gwanjo ba aljihun manomi suke shiga ba. Na wanda ya saya ya ajiye ya sake sayarwa ne. A farashin da aka sayi Clos de Tart, ko da a ce kowace kwalba ta bar gonar a kan Yuro 500, cinikin shekara na hekta guda ba zai kai kashi ɗaya bisa goma na kuɗin sayenta ba, tun kafin a cire albashi, ganguna, kwalabe da haraji. Ma'ana, wanda ya biya irin wannan kuɗi ba amfanin gona yake nema ba. Ajiyar dukiya yake yi, kamar mai sayen zinariya ko zanen wani shahararren mai zane, kuma yana iya jira shekara hamsin.

Matsalar ita ce hukumar haraji ba ta bambanta attajiri mai ajiya da manomi mai noma. Idan mai gona ya rasu, ana kimanta filinsa ne da farashin kasuwa, wato da abin da aka sayar da makamancinsa a kusa. Don haka duk cinikin da ya kafa tarihi a ƙauye, ya ɗaga harajin gadon kowane maƙwabci ke nan, ko da bai taɓa tunanin sayarwa ba. A Faransa kowane ɗa yana da rangwamen Yuro dubu ɗari a kan abin da ya gāda daga kowane ɗaya cikin iyayensa. Abin da ya haura haka ana cajinsa hawa-hawa, daga kashi 5 har zuwa kashi 45 cikin ɗari a kan abin da ya wuce kimanin Yuro miliyan 1.8. Idan ɗan ɗan'uwa ne ya gāda, kashi 55 ne. Idan bare ne, kashi 60. Wa'adin shigar da takardu kuma wata shida ne daga ranar rasuwa.

Bari mu ɗauki misali na ƙiyasi. A ce wani manomi ya bar hekta biyu na grand cru masu darajar Yuro miliyan 12, da 'ya'ya biyu. Rabon kowanne miliyan shida ne. In babu wani tanadi da aka yi, harajin kowannensu zai kai kimanin Yuro miliyan 2.4. Ba a nan ma gizo ke saƙa ba. Sau da yawa ɗaya ne ya zauna a gona, ɗayan likita ne ko lauya a Paris, kuma yana da cikakken haƙƙin ya ce a ba shi rabonsa. Wanda ya zauna, ban da nasa harajin, sai ya nemo miliyan shida ya fanshi kason ɗan'uwansa, ko kuma ya riƙa biyansa haya. Shi kuma na birni, in ya duba ɗan abin da hayar ke kawo masa a shekara ya kwatanta da miliyoyin da wani ke miƙo masa, ba a iya zarginsa da rashin kishin gida idan ya karkata. Idan zuriya ta kai jikoki da tattaɓa kunne, masu hannun jari su zama talatin ko arba'in, wasunsu ba su taɓa riƙe almakashin aski ba, riƙe su a kan ra'ayi ɗaya aiki ne ja.

Iyalan sun daɗe suna neman dabaru. Mafi tsufa ita ce a mai da gonar kamfani, ta yadda abin da za a raba shi ne hannun jari, filin kuwa ya zauna yadda yake. Gidan Romanée-Conti ya yi haka tun 1942, lokacin da Henri Leroy ya sayi rabinsa, kuma har yau iyalai biyu ne ke da shi, kowane ɓangare na ba da manaja guda. Aubert de Villaine ya riƙe kujerar ɓangarensu daga 1974 har ƙarshen 2021, sannan ya miƙa wa ɗan ɗan'uwansa Bertrand. Gidan Leflaive na Puligny-Montrachet shi ma a dunƙule yake a hannun dangi masu yawa. Bayan rasuwar Anne-Claude Leflaive a 2015, wadda ta yi fice wajen daina amfani da magungunan feshi na zamani a gonakin gidan, dangi sun zaɓi Brice de La Morandière daga cikinsu ya ci gaba. Dokar 1970 ta ba da damar kafa ƙungiyar mallakar filin noma da ake kira GFA, inda dangi, ko ma baƙi masu zuba jari, ke mallakar ƙasar su ba manomin haya ta shekara 18 ko fiye. Akwai kuma kyauta tun da rai, domin rangwamen dubu ɗarin nan yana sabuntuwa duk bayan shekara 15, shi ya sa manomi mai hangen nesa kan fara raba gado tun yana ɗan shekara hamsin. Tsarin Dutreil da aka soma a 2003 shi ma yana yafe kashi 75 cikin ɗari na darajar hannun jarin kamfanin iyali, muddin magada sun yi alƙawarin riƙe shi na wasu shekaru.

Filin da ke ƙarƙashin doguwar haya yana da nasa rangwamen na kashi 75, amma an yi masa iyaka: Yuro dubu 300 daga 2019, dubu 500 daga 2023, abin da ya haura kuma rabi ake yafewa. A misalinmu na sama wannan zai sauko da harajin kowane ɗa zuwa kimanin Yuro miliyan ɗaya. Ƙungiyoyin manoman Burgandi da na Shamfen sun yi ta kai ƙorafi cewa iyakar ba ta kai kuɗin 'yan kunyoyi ba a ƙauyukansu, kuma a kasafin kuɗin 2025 majalisar dokoki ta ɗaga ta zuwa Yuro miliyan 20, da sharaɗin magaji ya riƙe filin shekara 18. Da wannan sabon tsari harajin kowane ɗa a misalin namu ya koma kimanin Yuro dubu 410. Sauƙi ne babba, babu shakka. Amma a ganin wannan marubuci rabin ciwon aka yi wa magani, domin dokar ba ta taɓa batun ɗan'uwan da ke son kuɗinsa a hannu ba, kuma rangwamen haraji a kan kadara sau da yawa yakan ƙara mata farashi ne, tun da ya ƙara mata farin jini a idon masu neman inda za su ɓoye dukiya.

Kafin zuwan wannan doka dai an riga an yi asarar gidaje da dama. A 2012 wani ɗan kasuwar gidajen caca daga Makau, Louis Ng, ya sayi tsohuwar fadar Gevrey-Chambertin da hekta biyu na inabi a kan Yuro miliyan takwas, bayan da manoman ƙauyen suka haɗa kuɗi suka taya miliyan biyar aka ƙi sallama musu. A 2014 rukunin kamfanonin LVMH na Bernard Arnault ya sayi Clos des Lambrays, maƙwabciyar Clos de Tart, a kan abin da rahotanni suka ce ya kai kimanin Yuro miliyan ɗari. A farkon 2017 iyalin da suka riƙe gidan Bonneau du Martray kusan shekara ɗari biyu suka sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga Ba'amurke Stan Kroenke, wanda masu sha'awar ƙwallon ƙafa suka fi sani a matsayin mai kulob ɗin Arsenal, kuma batun gado na cikin dalilan da aka bayar. Tsohon gidan Bouchard Père et Fils, wanda aka kafa a 1731, ya bar hannun iyalin Bouchard tun 1995, kuma a 2022 ya faɗa ƙarƙashin Artémis.

Hukumar SAFER, wadda aka kafa a 1960, tana da ikon shiga gaban mai saye ta karɓi fili ta sayar wa manomi. Amma ikon nata a kan fili yake, kuma shekaru da yawa masu saye sun riƙa kauce mata ta hanyar sayen wani kaso na hannun jarin kamfanin da ya mallaki filin. Sai a watan Disamba na 2021 aka yi dokar da ta sa irin wannan ciniki ma sai an nemi izini. Adalci ne kuma a faɗi cewa sababbin masu gonakin ba ɓarna suka zo yi ba. Suna da kuɗin gyara katanga da rumbu, suna ɗaukar ƙwararrun masu haɗa giya, kuma ba sa gaggawar riba. Abin da ke sauyawa shi ne matsayin mutumin da ke cikin gona: jiya mai gida ne, yau ma'aikaci ne mai albashi da za a iya sauyawa. Tsofaffin gidajen kasuwanci irin su Louis Latour na 1797, Faiveley na 1825 da Joseph Drouhin na 1880 suna nan a hannun zuriyarsu, sai dai su girmansu ya ba su damar da ƙaramin manomi ba shi da ita.

Ga kuma sama da ba ta da tabbas. Ƙanƙara ta yi wa gonakin Pommard da Volnay ɓarna shekara uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. A ƙarshen Afrilun 2016 sanyi mai daskarewa ya ƙone tohon inabi, har ta kai wasu manyan gidaje masu rabo a filin Montrachet, ciki har da Romanée-Conti da Leflaive da Comtes Lafon, sai da suka haɗa ɗan abin da suka tsinta kafin a cika ganga biyu. A Afrilun 2021 aka sake yin irinsa a faɗin yankin, manoma suka kwana suna kunna kyandirori tsakanin kunyoyi, amma duk da haka amfanin shekarar ya gaza na yau da kullum da kusan kashi ɗaya bisa uku. Shekarun 2022 da 2023 sun yi albarka, 2024 kuma ruwa ya yi yawa, fumfuna ta cinye kaso mai tsoka. Tushen abin shi ne ɗumamar yanayi: inabin na toho da wuri, sai sanyin Afrilu ya same shi a buɗe. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya bi kundin ranakun girbi na Beaune tun daga 1354, ya gano cewa daga 1988 ana fara girbi kwana 13 kafin lokacin da aka saba a ƙarnukan baya. Attajiri zai iya shanye asarar shekara guda bai ji ba. Manomin da ke biyan banki bashin fansar kason 'yar'uwarsa kuwa, wa'adin biya ba ya duban sama.

Kasuwar ma ba kullum take hawa ba. Kusan rabin giyar Burgandi waje ake fitar da ita, kuma Amurka na sahun gaba cikin masu saye. Daga Oktoban 2019 zuwa Maris na 2021 ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari sakamakon rikicin tallafin kamfanin jiragen Airbus, sannan a 2025 ta sanya kashi 15 a kan mafi yawan kayan Tarayyar Turai. Farashin manyan kwalabe a kasuwar masu ajiya ya kai ƙololuwa a 2022, daga nan ya yi ƙasa sosai. A Bordo kuwa lamarin ya kai har gwamnati ta biya manoma Yuro dubu shida a kowace hekta domin su tuge inabinsu, saboda shan jar giya ya ragu a Faransa kanta. Ƙasa ɗaya, sana'a ɗaya, wani na kukan filinsa ya yi tsada, wani na kukan babu mai taya nasa.

Matasan da suka koyi sana'ar amma ba su da gadon fili sun samo tasu hanyar. Wasu na sayen ɗanyen inabi daga manoma su sarrafa 'yan ganguna da sunansu, wato sun koma ƙananan négociant, abin da kakanninsu suka yi yaƙi da shi. Wasu sun haura tuddan Hautes-Côtes, inda ƙasa ke da sauƙi kuma ɗumamar yanayi ta sa inabi ya fara nuna da kyau. Manyan gidajen ma waje suke faɗaɗawa: Drouhin ya sayi fili a jihar Oregon ta Amurka a 1987, Comtes Lafon ya gangara Mâconnais a 1999, d'Angerville kuma ya tsallaka yankin Jura a 2012.

Akwai mai gona guda a Beaune da wannan matsala ba ta taɓa shafa ba. Shi ne asibitin Hospices de Beaune, wanda Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa domin matalauta a 1443. Tun daga 1457 mutane ke bar masa gonakin inabi a matsayin wakafi, har suka kai kimanin hekta 60, mafi yawansu premier cru da grand cru. Asibiti ba ya mutuwa, don haka ba a raba gadonsa. Filinsa ƙaruwa kawai yake yi. Tun 1859 yake gwanjon giyarsa ganga-ganga, a yanzu ranar Lahadi ta uku ta watan Nuwamba, kuma 'yan kasuwar yankin na kallon farashin ranar a matsayin manuniyar inda kasuwar shekara ta dosa. A 2021 kamfanin Sotheby's ya karɓi gudanar da gwanjon, kuma na 2022 ya tara kusan Yuro miliyan 29, waɗanda ake kashewa wajen gine-ginen asibitin, sayen kayan aikin jinya da kula da gonakin.